Daga Maharijul Huruf zuwa Hoton Maganaɗisu: Tarihin Leƙen Bakin Bahaushe

Duk ɗalibin da ya shiga ajin Tsarin Sauti ya san wannan zane: kan mutum an tsaga shi biyu kamar kabewa, ga leɓɓa, ga haƙora, ga hanƙa da ganɗa da hanɗa, ga beli yana reto, can ƙasa kuma ga maƙwallato. Malam ya nuna da alli, ya ce in za a furta ƙ maƙwallato sama yake yi, in kuwa ɓ ce ko ɗ sai ya yi ƙasa, iska ta faɗa ciki. Mu rubuta, mu haddace, mu juye ran jarrabawa. Amma da wuya a sami wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Gafarta Malam, wa ya gani?" Wannan tambaya ce nake so mu bi sawunta a wannan maƙala, watau tarihin yadda ido ya sami shiga bakin Bahaushe yana cikin magana, da abin da aka tarar da aka shiga, da kuma ko shigar ta amfani waɗanda maganar ke yi wa wuya.

Abin da ya sa al'amarin ke da wahala shi ne, a ɗaki mai duhu ake ƙera magana. Da zarar ka ce wa mutum ya buɗe baki ka gani, ka riga ka ɓata abin da kake son gani. Ga kuma sauri, domin a hira ta yau da kullum mutum kan fitar da gaɓoɓin kalma biyar ko shida a sakan guda. Saboda haka shekaru aru-aru kunne ne ke ba da shaida, ido yana waje.

MALAM DA WANZAMI

Bari mu fara daga gida. In mutum ya fita birnin Kano ya yi arewa, ta Ungogo da Minjibir, ko ta Dawakin Tofa zuwa Bichi, ko hanyar Ɗambatta da Makoɗa har Kunci, zai ga ƙasa ce wadda gona ke jingine da gona, gida na hangen gida, babu dajin kirki sai ɗorawa da kuka da gawo a tsakiyar shuka. Cikowar wannan karkara da yadda ake noma ta kowace shekara ba hutu su suka sa Mortimore da Wilson suka rubuta littafi a kanta a 1965. A irin wannan wuri mutum biyu aka damƙa wa bakin yaro tun zamanin kakanni. Na farko wanzami, wanda kan zo a makon haihuwa. Na biyu malamin allo, wanda kan karɓe shi in ya kai shekara biyar ko shida.

Mu ɗauki malam tukuna. Yaro na fara babbaƙu za a koya masa kowane harafi da sunansa: ga kaf lasan, ga ƙaf wau, ga ɗa mai hannu. In ya yi nisa ya shiga tajwidi, sai ya haɗu da maharijul huruf, watau mafitar haruffa. Wannan ilmi ya tsufa ƙwarai. Halilu ɗan Ahmad mutumin Basra, a ƙarni na 8, bai jera ƙamusunsa bisa alif, ba, ta ba. Sai ya jera shi bisa wurin da sauti ke fitowa, ya faro daga maƙoshi ya gangaro zuwa leɓɓa, shi ya sa ma littafin ya ci sunan Kitabul Aini. Almajirinsa Sibawaihi ya ƙidaya mafita 16. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 1429 kuma har yau ake karanta littattafansa a zaurukanmu, ya ce 17 ne. Shi kuwa Ibn Sina, da yake likita ne, ya rubuta risala kan dalilan aukuwar haruffa, inda ya kawo bayanin guringuntsin maƙogwaro da tsokar harshe. Dabarar malaman tajwidi mai sauƙi ce: ka sa wa harafi ɗauri, ka kawo hamza mai wasali gabansa, ka furta, inda sautin ya tsaya nan ce mafitarsa. Ba na'ura, ba madubi, sai kunne da lura da abin da mutum ke ji a cikin bakinsa.

Kada mai karatu ya raina wannan kunne. Lokacin da malamanmu suka zo rubuta Hausa da ajami sun tarar Larabci ba shi da ɗ, ba shi da ƙ irin tamu, ba shi da ts. Sai suka ari ɗa mai hannu suka ba ɗ, suka ari ƙaf suka ba ƙ, ts kuma suka ƙara wa ɗa mai hannu ɗigo. Ashe sun ji cewa waɗannan sautuka suna da wani nauyi da ya raba su da d da k da s. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko, irin su Schön wanda ya buga nahawunsa a 1862, ba su raba su yadda ya kamata ba. A wurinsu baki da baƙi kusan abu guda ne, haka kafa da ƙafa. Sai daga baya kunnen Bature ya kamo na malam. A 1925 Lloyd James da Bargery suka buga ɗan bayani a Landan kan lafazin Hausa, a 1934 ƙamusun Bargery ya fito yana rarrabe waɗannan baƙaƙe, har da karin sauti. A cikin shekarun 1930 ɗin nan ne, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka tsayar da ƙugiyoyin da muke sa wa ɓ da ɗ da ƙ.

Wanzami kuwa shi da ido yake aiki, ba da kunne ba. Shi ne mutumin karkara guda da ya san fasalin cikin baki gani da ido. Yakan danne harshen jariri da ɗan itace, ya sa ɗan ƙarfensa mai lanƙwasa ya cire beli, don an yi imani in an bar shi zai girma ya hana shan nono ko ya toshe maƙoshi. In an ga yaro ya yi jinkirin magana, ko harshensa na sarƙewa, wurinsa ake komawa ya duba linzami, watau tantanin nan na ƙarƙashin harshe, ya yanke. Likitoci sun daɗe suna kuka da wannan aiki saboda zubar jini da sandarewar wuya da sauran cututtukan da ƙarfe maras tsabta ke kawowa, ga shi kuma in hannu ya zarce yakan taɓa hanɗa kanta. Ba na nufin zagin sana'ar kowa, wanzamai sun yi wa jama'a hidima tun babu asibiti. Abin lura a nan shi ne, bakin da wanzami ke gani baki ne a buɗe, na jariri mai tsala kuka. Bakin da ke cikin magana, shi ma bai taɓa ganinsa ba.

MADUBI, HAYAƘI DA GAWAYI

A Turai ma haka abin yake har tsakiyar ƙarni na 19. A 1854 wani malamin waƙa mutumin Sifen, Manuel García, ya sa ɗan madubin likitan haƙori a can ƙuryar bakinsa, ya haska da hasken rana ta wani madubin, ya ga tantanin maƙwallatonsa yana buɗewa yana rufewa. Abin mamaki ne a lokacin, sai dai da madubi a maƙoshi ba abin da mutum zai iya faɗi in ban da wasali. Bayansa aka yi wani limamin kirista a Faransa, Rousselot, wanda ake ɗauka uban binciken furuci da na'ura. Wani abu da ya kamata mu 'yan karkara mu riƙe game da shi shi ne, babban aikinsa na 1891 ba a kan Faransancin fada ya yi shi ba, a kan karin harshen ƙauyensu ya yi. Kayan aikinsa ganga ce mai juyawa wadda aka naɗe da takarda mai baƙin hayaƙi, mutum ya yi magana cikin bututu, wani ɗan tsinke yana karce rawar iskar a jikin takardar. Akwai kuma dabarar shafa wa ganɗa ko harshe baƙin abu, a furta kalma guda, a buɗe baki a ga inda harshe ya taɓa, kamar mai bin sawun ɓarawo bayan ya wuce.

Sai 1895, Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus. Masana furuci suka ce abin nema ya samu. A 1917 Daniel Jones na Landan ya ɗora siririyar sarƙar dalma a kan harshensa aka ɗauke shi hoto yana furta wasula, don a ga tudun harshe. Littafin Gunnar Fant mutumin Suwidin na 1960, wanda ya kafa ƙa'idar yadda siffar kogon baki ke haifar da amon kowane sauti, a kan hotunan eksire na mutum ɗaya mai magana da Rashanci aka gina shi.

Hausa ta shiga wannan layi ne a tsakiyar ƙarnin. A 1952 Jack Carnochan na Jami'ar Landan ya buga maƙala kan baƙaƙenmu masu hamza. Sannan Peter Ladefoged, wanda ya zauna a Ibadan, ya zagaya da kayan awo ya nazarci harsuna 61 na Afirka ta Yamma, littafin ya fito a 1964. Shi ya ɗauki hoton eksire mai motsi na wasulan Ibo, ya nuna gindin harshe ne ke matsawa gaba ya raba jerin wasulansu gida biyu. Da ya zo kan Hausa kuwa sai ya jefa shakka a kan abin da ake faɗi. A ganinsa ɓ da ɗ na Hausa ba lallai ne iska ta riƙa faɗawa ciki da ƙarfi ba. Babbar alamarsu ita ce wata ƙeƙasasshiyar murya da tantanin maƙwallato ke yi in ya matse. A 1984 Mona Lindau ta auna muryoyin Hausawa da dama ta tarar ba duka suke yin waɗannan sautuka iri ɗaya ba. A 1992 Lindsey da Hayward da Andrew Haruna suka sake komawa kan batun a Landan, wannan karon da wata na'ura da ake manna wa mutum a wuya tana ƙidaya haɗuwar tantanin. A gefe guda kuma Paul Newman, wanda ya taɓa shugabantar Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a nan Kano, ya rubuta a 1980 kan ra biyu na Hausa, ta bara mai yi wa sarki hidima da ta bara da almajiri ke yi, waɗanda boko ya haɗe su a harafi guda har yau.

Duk da haka ba a ga hawa da saukar maƙwallaton Bahaushe daga ciki ba. Eksire ya fi son ƙashi da nama, kuma inuwa yake bayarwa, muƙamuƙi da haƙora su hau kan harshe su rufe shi. Mafi muni, haskensa na cutarwa in ya yi yawa. Ba daidai ba ne a kwantar da lafiyayyen mutum a yi ta zuba masa shi don kawai ana son a san yadda ake cewa ɓarawo. Da aka gane haɗarin sai aka ja baya da irin wannan bincike.

MAGANAƊISU

Na'urar da ta buɗe ƙofar ita ce ta hoton maganaɗisu, wadda likitoci ke kira Em-Ar-Ai. Ga yadda take aiki a taƙaice. Yawancin jikin mutum ruwa ne, a cikin ruwan kuma akwai ƙwayoyin haidurojin waɗanda kowace ke zaman wani mitsitsin maganaɗisu. In aka shigar da mutum cikin babban maganaɗisu, irin wanda ƙarfinsa ya ninka na duniya sau wajen 30,000 a na'urorin asibiti masu Tesla 1.5, sai ƙwayoyin su daidaita sahu. Sai a buga musu igiyar rediyo su karkace. Suna komowa sahu sai su mai da amsa, kwamfuta ta tattara amsar ta zana hoto. Nama mai ruwa yana amsawa da ƙarfi, iska ba ta amsawa. Ke nan harshe da hanɗa da leɓɓa su fito fari tas, hanyar iska ta fito baƙa. Abin da eksire ya kasa, shi ne ita ta fi iyawa, ba kuma tare da haske mai cutarwa ba.

Asalin ilmin na Bloch da Purcell ne, a 1946. Paul Lauterbur ya nuna a 1973 cewa za a iya yin hoto da shi, Peter Mansfield na Ingila ya samo hanyar hanzarta shi, su biyun suka raba kyautar Nobel a 2003. A 1980 aka ɗauki hoton majiyyaci na farko mai amfanin likita da na'urar dukan jiki a Abadin ta ƙasar Sikotilan. Masana furuci suka shigo a tsakiyar shekarun 1980, a Japan da Amurka. Amma na'urar lokacin nawa gare ta. Sai mutum ya riƙe wasali guda, ya ja, ya numfasa, ya sake ja, har na tsawon mintoci, kafin a haɗa siffar kogon bakinsa. Da irin wannan haƙuri ne Mark Tiede ya buga nazarin wasulan Akan na Gana a 1996, ya nuna faɗin maƙoshi na canzawa ta kowane gefe. To amma ƙ ba ta jawuwa. Ƙiftawar ido ce, ta wuce.

An jira har 2004, lokacin da Shrikanth Narayanan da abokan aikinsa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka nuna hanyar ɗaukar hoton yana motsi kamar majigi, mutum na magana ana gani. A Gottingen ta Jamus Jens Frahm da jama'arsa suka ƙara masa sauri wajen 2010, daga baya aka kai hotuna sama da 80 a sakan guda. Ba a ce abin ba shi da aibi ba. Mai magana a kwance yake rigingine, ba yadda aka saba hira ba. Na'urar na da ƙara kamar injin niƙa, sai an sa makirfo na musamman an tace muryar. Haƙora ba su fitowa, don ba su da ruwa. Amma gani ya kori ji.

A can Los Anjalis ɗin ne aka kwantar da Hausawa a cikin na'urar. Miran Oh, tare da Dani Byrd da Louis Goldstein da Narayanan, sun gabatar da sakamakon farko a 2018, cikakken aikin kuma ya fito a mujallar Phonetica a 2024. Sun bi maƙwallato hoto bayan hoto suna auna hawansa da saukarsa, suna gwada shi da lokacin da baki ke rufewa. A kan tunzuɗau, irin su ƙ, littattafanmu sun yi gaskiya: motsin maƙwallato ya fi na takwarorinsu irin su k girma, kuma tazarar da ke tsakanin motsinsa da rufewar baki ita ta fi kowace tsayawa daram. A kan haɗiyau kuwa labari ya sha bamban. Sun tarar ba zurfin sauka ne ya raba ɓ da b, ko ɗ da d ba. Dalili kuwa, su ma b da d maƙwallato kan sauka a kansu, domin in baki na rufe kuma ana son ziza ta ci gaba, dole a yi wa iskar da ke tahowa daga huhu wuri. Abin da ya raba su shi ne lokaci, watau yaushe maƙwallato ya motsa in an gwada da rufewar leɓɓa ko harshe.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san lugude. Mata biyu, turmi guda, taɓare biyu. Nauyin taɓarya bai canza ba, zurfin turmi bai canza ba, amma da ɗaya ta ɗan jinkirta ko ta ɗan riga, sai amon ya zama wani daban, har na bayan danga ya gane. Haka bari da ɓari suke. A ganina wannan shi ne babban abin da na'urar ta koya mana game da harshenmu, kuma ya kamata ya shiga aji. Sunan haɗiyau suna ne mai daɗi, ba na cewa a jefar da shi, amma ɗalibin da aka ce masa haɗiyar iska ce kaɗai ta raba fada da faɗa an ba shi rabin labari. Wannan kuma ya shafi mai koya wa baƙo Hausa. Sau nawa muka ga ana ce wa mai koyo ya ja iska ciki, yana ta kokawa kamar mai shaƙuwa, ɗ ba ta fito ba?

Sai dai a yi hattara. Mutane ƙalilan aka ɗauka a wannan bincike, kamar yadda aka saba a aikin da kowace sa'a tasa ke cin kuɗi masu yawa. Alhali Lindau ta riga ta nuna Hausawa sun sassaɓa a kan waɗannan sautuka. Basakkwace na cewa ɗiya inda Bakano ke cewa 'ya, a zangunan Gana kuma da yawa sun bar bambancin k da ƙ gaba ɗaya. Hoton maƙwallaton wanda ya yi boko har ya kai Amurka ba zai zama hoton na tsohuwar da ke sussuka a Tsanyawa ba.

MASU LALURA

Ya zuwa nan maganar masana muke yi. Amma a kowace unguwa ta karkararmu akwai wanda magana ta zame masa kaya, kuma su ne suka fi kowa haƙƙi a kan wannan tarihi.

Mu ɗauki i'ina. Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari na manya na da ita a duniya, yara kuwa wajen biyar cikin ɗari kan taɓa yin ta, yawancinsu su bari da kansu. A ƙauye wasu kan ce kwaikwayo ne ya kama yaro, wasu su ce linzami ne, a kira wanzami. A makaranta kuma wani lokaci bulala ce maganin. A 2002 Martin Sommer da abokansa a Jamus suka buga a mujallar Lancet abin da suka gani da hoton maganaɗisu: a ƙwaƙwalwar masu i'ina, zaruruwan da ke haɗa sassan sarrafa magana a ɓangaren hagu ba su yi tsari irin na sauran mutane ba. A 2010 kuma aka gano wasu ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita a wasu iyalai na Pakistan, daga baya aka sami wasu a wani babban gida a Kamaru. Watau masu cewa gado ce sun fi kusa da gaskiya. Harshen mai i'ina lafiyarsa lau, linzaminsa ba shi da laifi, tsoro kuma ba ya ƙara masa komai sai sarƙewa. Nan ma batun lugude ne, saƙon da zai haɗa motsin gaɓoɓi a kan kari shi ke tuntuɓe.

Na biyu, shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan jawowa. Tsofaffi sun lura cewa in ɓarin dama ne ya shanye, sau da yawa baki kan tafi tare da shi. Dalilin ya fito tun 1861, lokacin da likita Paul Broca a Faris ya duba ƙwaƙwalwar wani majiyyaci mai suna Leborgne, wanda ya shekara 21 a asibiti kusan ba abin da yake iya faɗi sai gaɓa guda, "tan". Ya ga lahani a gaban ɓangaren hagu, wanda shi ke juya ɓarin dama na jiki. Broca bai yanka ƙwaƙwalwar ba, ya sa ta a kwalba ya ajiye. A 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka buga hoton maganaɗisu na wannan ƙwaƙwalwa, suka ga ɓarnar ta nutsa can ciki fiye da inda idon Broca ya tsaya, ta yanke manyan zaruruwan da ke haɗa gaba da baya. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Dattijon da ya tashi da safe a Minjibir ya kasa kiran sunan matarsa, alhali yana gane kowa, ba iska ce ta shafe shi ba, ba kuma hauka ba ne. Jini ne ya yanke wa wani yanki na ƙwaƙwalwa, kuma sa'o'in farko su ne masu tsada.

Na uku su ne waɗanda hanɗarsu ba ta rufe ƙofar hanci. Hanɗa ƙyaure ce: in za a ce m ko n sai ta sauka iska ta bi hanci, in za a ce b ko k ko ƙ sai ta ɗaga ta toshe. Yaron da aka haifa da tsagaggiyar ganɗa, ko wanda ciwon noma mai cin fuska ya ɓarke masa baki, iska na zurare masa, maganarsa ta fito ta hanci. Ga Bahaushe abin ya fi tsanani, domin ƙ da ts ba su yiwuwa sai an tare iska an matse ta tsakanin rufaffen maƙwallato da rufaffen baki. In da kafa ko kaɗan, matsin ya tsere. Sakkwato na da asibitin yara masu noma tun 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023. Ɗinki kan gyara fuska, amma ba kullum yake gyara magana ba. A ƙasashen da ke da hali, hoton maganaɗisu na nuna wa likita tsokar da ke ɗaga hanɗa, tsawonta da inda ta kama, da girman kafar da ta rage, kafin ya yanke shawarar sake aiki, ba tare da an zura wa yaro bututu ta hanci ba. A nan akwai tambayar da ta isa kundin digiri: a ƙasar da ake cire wa jarirai beli, wane fasali hanɗa ke ɗauka in an girma, kuma yaya take rufewa?

To, ina na'urar take? Wani bincike da Godwin Ogbole na Ibadan da abokansa suka buga a 2018 ya ƙidaya guda 84 a Afirka ta Yamma, ga mutane sama da miliyan 370. 58 daga ciki a Nijeriya suke, yawancinsu kuma masu ƙaramin ƙarfi. A Kano sai cikin birni. Mai ƙarfin tana son wutar lantarki ba yankewa da iskar hiliyom ta sanyaya ta, kuɗin hoto guda kuwa sai manomin gero ya sai da buhuna. Inda take ma layin masu ciwon baya da ciwon kai ya ishe ta, balle a ce ɗalibin Hausa ya zo ya kwantar da kakarsa ta ce ƙaiƙayi. A 2020 hukumomin Amurka sun amince da wata ƙarama da ake turawa a kan taya, a jona ta a soket na bango, amma ƙwaƙwalwa take dubawa, ba ta da saurin bin harshe.

Wannan ba dalilin naɗe hannu ba ne ga 'yan wannan ƙungiya. Masu na'urar sun fi mu maganaɗisu, mu kuwa mun fi su masu magana, kuma ba za su san tambayar da ta dace su yi wa na'urar ba sai wani ya fara tattaro yadda ake furucin a ƙasa. Dabarar bin sawun harshe har yanzu tana aiki, Ladefoged kansa ya yi ta amfani da ita a ƙauyuka har ƙarshen rayuwarsa. Ana dake gawayi mai tsabta ya yi laushi, a kwaɓa da ɗan man girki, a shafa wa harshe da ɗan burushi. Mai magana, bayan an yi masa bayani ya yarda, ya faɗi kalma guda wadda baƙi ɗaya kaɗai ke taɓa sama a cikinta, kamar bara, kada ya haɗiye yawu. A sa madubi a bakinsa a ɗauki hoton ganɗa da wayar hannu, ya kurkure da ruwan lemon tsami, sannan a sake da ɗaya barar. Wayar nan kuma ita za ta ɗauki muryarsa yana cewa bari da ɓari, daka da ɗaka, sara da tsara, sau uku uku, a rubuta garinsu da shekarunsa da ko ya yi zaman birni. Ɗalibi goma, kowa ya yi mutum goma a garinsu a hutun damina, daga Bichi zuwa Ɗambatta, an sami bakuna ɗari ke nan kafin a yanke gero.